Kano Pillars ta kwando: kafin a kawo sabon koci, wa zai zaɓe shi?

Jama'a, Pillars ɗin da zan yi magana a kanta yau ita ce ta ƙwallon kwando, wadda da yawa daga samarinmu na nan Wudil ba su ma san tana nan ba. In ka ce Sai Masu Gida, hankalin kowa ƙwallon ƙafa yake tafiya. Da ta ƙafa ta faɗo daga gasar firimiya a 2022 gari ya ɗauka, gidajen rediyo suka yi ta kira, har ta dawo a 2023. Ita kuwa ta kwando shekara da shekaru tana ja da baya, babu wanda ya ko yi tari.

To 'yan tsirarun da suka damu, duk inda suka zauna magana ɗaya ce: a kawo sabon koci. Wasu ma har sun gama yanke hukunci, wai a nemo Bature daga Amurka ko Turai, shi kenan an gama. Ni ba ni da faɗa da canji. Kowace ƙungiya tana canza mai horarwa, wannan ranar kuma dole ta zo. Abin da nake tsoro shi ne yadda muke yin irin wannan naɗi a ƙungiyoyin da gwamnatocin jihohi suka mallaka. Mu kwana, mu tashi, sai mu ga takarda ta fito an naɗa wane. Wa ya nema? Su wa aka tantance? Me aka tambaye su? Shiru.

Ga waɗanda ba su sani ba, bari in tuna muku wace ƙungiya ce wannan. Kano Pillars ta kwando ta ɗauki kofin gasar Najeriya sau da dama, na baya-bayan nan a 2016 da 2017. A ƙarshen 2016 ta je Alƙahira gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka ta dawo da matsayi na uku, bayan Al Ahly ta Masar da Libolo ta Angola. Na uku a duk nahiyar nan fa. Kuma wanda sunansa ya manne da wancan zamani, Koci Sani Ahmed, ba daga wata ƙasa aka yi odarsa ba. Ɗan gida ne. Yau ga gasar BAL, wadda NBA da hukumar FIBA suka haɗu suka kafa, ta fara a Kigali a 2021. Najeriya ta tura Rivers Hoopers, ta tura Kwara Falcons a 2023. Kano ko sau ɗaya ba ta taka filin ba.

Ruwa dai ba ya tsami banza, kuma duk mai adalci ya san ba koci ne ya fara kawo wannan lalacewa ba. A watan Yunin 2017 aka yi zaɓe biyu na hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa, ɗaya a Kano wanda ya ba Tijjani Umar, ɗaya a Abuja wanda ya ba Musa Kida. Daga nan aka shiga shekarun rigima da kotu, gasar cikin gida ta riƙa yin tsaye tana faɗuwa. Abin ya kai ga a watan Mayun 2022 gwamnatin tarayya ta ce ta janye Najeriya daga wasannin ƙasa da ƙasa na shekara biyu. Ba a daɗe ba aka janye matakin, amma kafin nan 'yan matanmu D'Tigress sun riga sun rasa gurbinsu na gasar duniya a Ostireliya, aka ba Mali. To ƙungiyar da 'yan wasanta ba su san yaushe za a fara gasa ba, kuma in an fara a dunƙule ta cikin 'yan makonni, ka ɗora wa koci laifi shi kaɗai, ai an bar jaki ana dukan taiki.

Sai dai rigimar nan ba Kano kaɗai ta daka ba. Ta daki Fatakwal ma. Me ya sa su suka miƙe? Rivers Hoopers ta riƙe mutum ɗaya, Ogoh Odaudu, shekara da shekaru. Sun je BAL na farko sun dawo tun daga zagayen rukuni, ba su kore shi ba. A 2024 ya kai su matsayi na uku, aka kuma zaɓe shi kocin shekara na gasar baki ɗaya. Ɗan Najeriya ne, a gasar cikin gida ya girma. Wannan shi ne abin da ya kamata masu neman Bature su fara amsa mana.

Na san abin da za su ce. Za su ce Will Voigt Ba'amurke ne, kuma shi ya ciyo wa D'Tigers kofin Afirka na farko a Tunisiya a 2015, ya doke Angola a wasan ƙarshe. Gaskiya ne, ban musa ba. Za su ƙara da Mike Brown, wanda a watan Yulin 2021 ya jagoranci Najeriya ta doke Amurka 90 da 87 a wasan share fage a Las Vegas. Shi ma gaskiya ne, duk da cewa ba sa son a ƙarasa labarin, don da aka je Tokyo wasa uku aka buga, uku aka rasa. Amma ku lura da bambancin aikin. Kocin tawagar ƙasa ana tara masa 'yan wasan da suka riga suka nuna a NBA da Turai, ya zauna da su 'yan makonni, ya tsara su, a buga gasa, kowa ya koma inda ya fito. Kocin Pillars kuwa yaro zai ɗauko wanda hannunsa na hagu bai iya buga ƙwallo a ƙasa ba, ya yi wata shida yana gyara shi. Shi zai san wanda bai karya ba ya zo atisaye. Shi zai lallashi iyaye su bar ɗansu ya bi ƙungiya zuwa Legas. Baƙon da za a biya da dala, a naira ta yau, albashinsa na wata ɗaya zai iya cinye na 'yan wasa da yawa, kuma ran da kuɗin suka makara sai dai a ji ya hau jirgi.

To kada wani ya ɗauka cewa nake yi a ba duk wanda ya fito daga Kano. Wannan ma cuta ce, wataƙila ta fi ta Baturen, don ita ce muka saba da ita. Tsohon ɗan wasa ne, yaron Alhaji ne, ya yi mana wahala a kamfen, a ba shi ya ɗan samu. Wallahi ƙwallon kwando ba ta da sutura ga irin wannan. A ƙwallon ƙafa koci marar dabara yana iya ɓuya a bayan ɗan wasa ɗaya mai kyau, ci ɗaya ya shiga, a tare gida har a tashi. A kwando mutum biyar ne a fili, daƙiƙa 24 gare ka ka jefa, ana canjin 'yan wasa babu iyaka, laifi biyar ɗan wasa ya fita. Minti arba'in ɗin nan koci yana yanke hukunci kusan kowane minti: wa zai huta, wa zai tare wa, yaushe zai tsayar da wasa ya zana wa yaransa abin da za su yi a sauran daƙiƙa biyar. Wanda bai iya ba, kafin a je hutun rabin lokaci duk mai zaune a ɗakin wasan Ƙofar Mata ya gane shi.

Akwai labarin da nake so masu naɗin su duba, don mai labarin a Zariya ya tashi, a hannun Koci Oliver Johnson ya koyi wasan. Masai Ujiri nake nufi. Lokacin da yake shugabantar Toronto Raptors, ƙungiyar ta ci wasa 59 a kakar 2017 zuwa 2018, amma Cleveland ta yi waje da ita wasa huɗu a jere. Ya sallami Dwane Casey a watan Mayun 2018, mutumin da bayan 'yan makonni aka ba kyautar kocin shekara na NBA. Mutane suka yi ta zaginsa. Wa ya ɗauko? Nick Nurse, mataimakin da ke zaune a benci tun 2013, wanda ya yi shekaru yana horarwa a Ingila da ƙaramar gasar Amurka inda ba a haska mutum. A watan Yunin 2019 suka doke Golden State suka ɗauki kofi. Amma kada a manta, Ujiri bai tsaya a koci ba, ya kawo masa Kawhi Leonard. Mutum ɗaya ne da aka san sunansa ya yi zaɓin, ya ba kocin kayan aiki, kuma da abin ya lalace wuyansa za a kama. Mu fa? In kocin da aka naɗa ya gaza, wa za mu tambaya? Kwamiti ne, an rushe shi tun bara.

Haka Rena Wakama. Da aka ba ta D'Tigress a tsakiyar 2023, mutane nawa ne suka san ta? Yarinya ce, aka ce, ba ta taɓa riƙe babbar ƙungiya ba. Cikin 'yan makonni ta ɗauko kofin Afirka a Kigali, a Olamfik na Paris 2024 ta doke Ostireliya da Kanada, ta kai Najeriya zagayen kwata fainal, abin da wata tawagar kwando ta Afirka, maza ko mata, ba ta taɓa yi ba.

Mu 'yan Wudil ai mun san ciniki. Ranar Juma'a a kara, babu mai zuba kuɗi a kan sa don kawai dillali ya rantse masa. Sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya sa an ja shi ya ga tafiyarsa. Abin da nake nema wa Pillars ke nan, bai wuce haka ba. A sanar da gurbin a fili, a rediyo da jarida, duk mai takardar horarwa ya nema, ɗan Kano ne, ɗan Binuwai ne, ɗan Nijar ne. A zaunar da tsofaffin 'yan wasan ƙungiyar da suka je Alƙahira a cikin masu tantancewa, don su ba a yi musu burga da Turanci. A ba kowane mai nema yara sha biyu da awa biyu a fili, a ga yadda yake gudanar da atisaye. Sannan a tambaye shi: kawo sunayen 'yan wasa uku da ka ɗauko daga tushe, ina suke yau? Wanda ya fara kame-kame a nan, a ba shi kuɗin mota.

Wanda ya tsallake kuma, a yi masa adalci. Kwantiragin shekara uku a rubuce, albashi ranar da aka ce, da izinin ya sallami ɗan wasan da ba ya yi ko da ɗan gidan wane ne. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kada a kira shi saura sati biyu a fara gasa a ce ya haɗa tawaga. A kuma rubuta masa cewa fita neman yara wajen birni yana cikin aikinsa. A nan garin kaɗai muna da Jami'ar Aliko Ɗangote da makarantar horar da 'yan sanda, ga makarantun sakandare, ga dogayen samari a rugage da ƙauyukan Garko da Gaya da Sumaila da ba su taɓa riƙe ƙwallon kwando ba. Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ce daga Ƙofar Mata zuwa gadar Wudil. Yaushe rabon da ku ga wani ya zo da ƙwallo da abin awon tsayi yana neman yara?

Hukumar wasanni ta jiha da ma'aikatar matasa da wasanni, kuɗin jama'ar Kano ne ke riƙe da ƙungiyar nan, har da harajin da ake karɓa a kararmu. Ran da za ku naɗa, ku faɗa mana sunayen waɗanda suka nema, da dalilin da ya sa aka ɗauki wanda aka ɗauka. Abokaina 'yan kwando na Kano da Zariya, na san akwai masu ganin Bature ne kawai mafita. Ku zo ƙasa ku kawo hujjarku, amma ku zo da lissafin wanda zai biya shi, da kuma wata nawa zai iya biya.