Idan Fili Ya Ƙare, Sama Ba Ta Ƙare Ba



Kullum kukanmu ɗaya ne: cefane ya yi tsada, gidajen birni kuma babu filin shuka. Amma mu duba da kyau. Kokwamba, waken yaɗo, garahuni da soso ba faɗin ƙasa suke nema ba, abin kamawa suke nema. Taku biyu a gindin katanga ya wadatar da su, muddin mun kafa musu rumfar hawa.

A ganinmu, barin yaɗo a ƙasa asara ce. A watan Agusta, lokacin da ruwa ke sauka ba ƙaƙƙautawa, ɗan da ya kwanta a laka ruɓewa yake yi, ganyen da bai sha iska ba kuma cuta ta kama shi. Wanda ke rataye yana bushewa da wuri, kuma ido na ganinsa ranar tsinka.

Ba sai an sayi waya ko ƙarfe ba. Mu samo dirka biyu masu gwafa, kowace ta kai mita 2 da rabi, mu binne rabin mita. Mu babbake gindinsu tukuna don rage ɓarnar gara. Mu gitta gora a kan gwafar, mu jera karan dawa a tsaye, mu tanke da igiyar rama. Hadarin farkon damina daga gabas yake taso mana da iska, don haka mu tokare rumfar ta yamma. Mu kuma kafa ta kafin shuka, kada haƙa ta yanke saiwa.

Wasu za su ce duhuwa na tara sauro da maciji. Ai yaɗon da ya shimfiɗu a ƙasa ya fi ba su maɓoya. Mu riƙa rage ganyen ƙasa, mu share gindi. Wasu kuma su ce kara ba ya wuce damina ɗaya. Haka ne, amma kowace kaka sabo na zuwa.

Mu da ke son rubutu, akwai wani abin. Matasa nawa ne yau suka san dirka, gwafa da tanka? Kalmar da hannu ya daina aiki da ita, baki ma sakinta yake yi, daga nan ta fita daga littattafanmu.

Kafin ruwan farko, kowa ya kafa tasa. Allah ya ba mu damina mai albarka.