Kasuwar Maigatari ma aji ce ga ɗaliban lauya

Duk wanda ke son zama lauya a Nijeriya sai ya yi shekara biyar a jami'a, sannan ya wuce Makarantar Horar da Lauyoyi ta Ƙasa, wadda aka buɗe a Legas a 1963, kuma take da reshe a Bagauda ta Jihar Kano. A cikin zangon wannan makaranta akan tura ɗalibai su yi wasu makonni a kotu, wasu kuma a ofishin lauyoyi, domin su ga yadda ake aiki da abin da suka karanta. Tsari ne mai kyau, sai dai akwai giɓi a cikinsa game da dokar kasuwanci. Ɗalibin da ya zauna a kotu yana haɗuwa da ciniki ne bayan ya lalace, an yi rigima, kowa ya ɗauko lauyansa. Wanda ya koyi ciniki a kotu tamkar wanda ya koyi zaman aure ne a zauren da ake raba shi. Aikin lauyan kasuwanci kuwa mafi yawansa kafin rigima ake yin sa: tsara yarjejeniya, yi wa kamfani rajista, bincika takardar fili, da toshe ɓaraka tun ba ta zama rami ba.

Ra'ayina shi ne tsangayoyin shari'a na jami'o'inmu, irin su Jami'ar Bayero da ke Kano da Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, su riƙa tura ɗalibansu koyon aiki zuwa inda ake ƙulla cinikin. A Jihar Jigawa kuma babu inda ya fi masarautar Gumel dacewa da haka, domin ƙananan hukumominta huɗu, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, sun tattara kusan duk babin da ke cikin littafin dokar kasuwanci.

Mu fara da Maigatari. Kowace Alhamis ana cin kasuwa a wannan gari na bakin iyaka, inda shanu da raƙuma da tumaki da awaki ke shigowa daga Jamhuriyar Nijar, a loda su a manyan motoci zuwa Kudu. Dukiya mai ɗimbin yawa ke sauya hannu a yini guda, kuma da wuya ka ga takarda. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, ya sallama, dillali ya karɓi la'adarsa. Ɗalibin da ya haddace sharuɗɗan ƙulluwar yarjejeniya zai tarar da tambayoyin da jarrabawa ba ta taɓa yi masa ba. Dillalin nan wakilin wa ne, mai saye ko mai sayarwa? Idan an ba da kafin alƙalami, sa ya mutu cikin dare kafin a loda shi, asarar wa ce? Idan bayan mako biyu wani ya zo ya ce saniyar tasa ce aka sace, wa zai biya, kuma me ya sa 'yan kasuwa ke ɗora wa dillali alhakin sanin asalin dabbar?

Waɗannan tambayoyi suna da amsa a wurare uku: a dokar sayar da kaya da muka gada daga Ingila tun ta 1893, a babin ciniki na fiƙihun Malikiyya kamar yadda yake a Risala da Muhtasar, da kuma a al'adar kasuwa da shugabannin dillalai ke hukunci da ita nan take. Amsoshin sukan dace, sukan kuma saɓa. Lauyan da ya san guda ɗaya kawai cikin ukun, rabin makaho ne a wannan yanki.

Akwai kuma batun iyaka. Da zarar ɗan kasuwa ya tsallaka zuwa ɓangaren Damagaram ya shiga ƙarƙashin wata dokar dabam, domin Nijar na cikin ƙasashen da ke aiki da tsarin dokokin kasuwanci na bai-ɗaya da ake kira OHADA, wanda aka kafa da yarjejeniyar 1993, kuma da Faransanci ake aiki da shi a can. Kuɗin ma biyu ne, naira da sefa. Idan an ba da kaya bashi naira ta faɗi kafin ranar biya, da wane farashi za a biya? An rufe wannan iyaka a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ba sai Disamba na 2020, kuma Maigatari na cikin iyakoki huɗu da aka fara buɗewa. An sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023, har zuwa Maris na 2024. A kowane karo akwai wanda ya karɓi kuɗin kaya ya kasa isar da su, ba da laifinsa ba. Abin da malamai ke koyarwa a aji game da yarjejeniyar da wani dalili na fin ƙarfi ya hana cikawa, a Maigatari yana da fuska da suna da iyali.

Darasi na biyu yana wajen masu riɗi da zoɓo. Manoman Gumel da Sule Tankarkar da Maigatari suna noma waɗannan kaya, masu saye su tara, a kai Kano a gyara, a wuce da su tashar jirgin ruwa. Ribar mai tsoka tana hannun wanda ke da takardu: rajistar kamfani, shaidar mai fitar da kaya waje, da takardar lafiyar amfanin gona. A 2018 ƙasar Meziko, babbar mai sayen zoɓonmu, ta dakatar da karɓarsa saboda ƙwaron da aka gano a cikin kaya, kuma manomin da bai san hanyar Meziko ba ya ji a aljihunsa. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Wata doka ta 2017 ta ba da damar sanya kadarar da ake iya ɗauka, kamar dabbobi da amfanin gona, a matsayin jingina don karɓar rance. Mutum nawa ne suka san haka a cikin masu tara riɗi? Ɗalibin da ya zauna da ƙungiyar manoma ya taimaka aka rubuta mata tsarin mulki, ya bi takardunta har aka yi mata rajista, ya koyi abin da lacca goma ba za ta ba shi ba.

Darasi na uku, kuma mafi nauyi, shi ne na ƙasa. A zamanin gwamnatin Badaru Abubakar an ware fili mai faɗin kadada 12,000 a yankin Gagarawa da maƙwabtanta domin kamfanin Lee ya noma rake, manoma da yawa kuma suka yi ƙorafi kan gonakinsu da kuma diyya. Kowa na da ra'ayinsa kan wannan lamari, amma abin da ya shafe mu a nan shi ne dokar. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta ba shi ikon soke haƙƙin mallaka saboda maslahar jama'a, diyyar da ta tanada kuma ta abin da aka gina ko aka shuka ce a kan filin. Manomin da ya gaji gona kaka da kakanni yana ganin ƙasar kanta tasa ce. Tsakanin abin da doka ta ce da abin da manomi ya sani a ransa, nan rigima ke tsira. Mai zuba jari na buƙatar lauyan da zai faɗa masa cewa takardar gwamnati kaɗai ba ta sayen zaman lafiya, al'umma kuma na buƙatar wanda zai karanta musu yarjejeniya da Hausa kafin su dangwala hannu.

Ta yaya za a yi? Dogon hutun da ke tsakanin aji huɗu da aji biyar ya isa. A raba ɗalibai ƙananan rukuni, kowane rukuni ƙarƙashin lauya mai lasisi da malami guda daga tsangaya. Su zaga tsakanin kasuwa, sashen filaye na ƙaramar hukuma, ofishin kwastan, ƙungiyoyin manoma da kotunan shari'ar Musulunci na yankin. Kowane ɗalibi ya dawo da rubutaccen aiki da za a ba shi maki a kai: yarjejeniyar ciniki guda da Hausa da Turanci, takardun rajista guda, da rahoto kan yadda aka sasanta wata rigima. Wasu jami'o'inmu sun riga sun buɗe ɗakunan ba da taimakon shari'a kyauta da ɗalibai ke gudanarwa, amma hankalinsu ya fi karkata ga masu jiran shari'a a gidan yari. Faɗaɗa shi zuwa kasuwanci ba sabon gini ba ne.

Za a ce ɗalibi ba lauya ba ne. Gaskiya ne, doka ba ta ba shi damar tsayawa a kotu ko sa hannu a matsayin lauya ba, shi ya sa kowace takarda sai mai kula da shi ya duba. Za a ce 'yan kasuwa na gudun lauya, suna ganin shigarsa cikin magana alamar an daina yarda da juna. Wannan ma gaskiya ne, maganinsa kuma shiga ta ƙofa: ta hannun masarauta, hakimai da shugabannin kasuwa, ɗalibi ya zo da kunnen mai koyo. Ga mai ganin rubuta bashi rashin yarda ne, a tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Za a kuma ce babu kuɗi. Abin da ake bukata masauki ne da kuɗin mota da ɗan guzuri, kuma gwamnatin jiha da ke neman masu zuba jari, da ƙungiyar lauyoyi, da manyan 'yan kasuwar yankin za su iya ɗaukar wannan idan sun ga dama.

Gani ya kori ji. Muddin 'ya'yanmu na koyon dokar kasuwanci daga shari'o'in da aka yanke a Landan da Legas kaɗai, za su ci gaba da fita da takardar shaida su nufi Abuja, manomin Gagarawa da ɗan kasuwar Maigatari kuma su ci gaba da neman lauya sai bayan aikin gama ya gama. Shugabannin tsangayoyin shari'a su gwada da ɗalibai ashirin a hutu mai zuwa, su auna sakamakon.