Nazarin Duwatsu Aka Je Yi Gurara Ko Gasar Tsalle?

Jama'ar Suleja, wannan magana ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya. Kowace shekara motoci na bin hanyar Minna cike da ɗalibai, wai an tafi Gurara nazarin duwatsu. Madalla da neman ilimi. Amma da an isa sai a ajiye guduma da littafi, a haye dutse, a riƙa dirowa cikin ruwa, abokai na ɗauka a waya don TikTok. Malamin da ya kawo su kuwa yana can gindin bishiya.

Daga tsayin kusan mita 30 ruwan Gurara ke zubowa. Ƙarƙashinsa duwatsu ne da ido ba ya gani, da damina kuma ko gwanin iyo sai ya juya shi, balle yaron da ya koya a rafin unguwa. Wasu za su ce ai komai ajali ne. To, amanar da iyaye suka damƙa fa, wa zai amsa ta?

Iyaye, kada mu ƙara sa hannu a takardar tafiya sai an faɗa mana malamai nawa za su raka yaran, kuma wane ne zai tsaya bakin ruwa. Makarantar da ta kasa amsawa, ta bar mana 'ya'yanmu a gida.