Wa ya ce ganye ba ya kisa?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a kasuwanninmu, daga Maraɗi har Damagaram, kuma abin takaici har a bakin masu ilimi ana jin ta: wai duk abin da ya tsiro daga ƙasa magani ne, ba ya cutarwa, guba sai a kwalbar Bature. Ni na ce wannan magana ƙarya ce, kuma ƙarya mai cin rai. Bara wani ɗalibina da ke shirin jarrabawar birbe ya sayi wani gari wurin mai tallar «maganin buɗe ƙwaƙwalwa», ya zuba a shayi don ya kwana karatu. Abin da ya samu shi ne kwana biyu a gadon asibiti, jiki na karkarwa, bai san uwarsa ba. Da na tambaye shi daga baya, sai ya ce: «Mushe, ai ganye ne kawai.»

To, mu duba tarihin wannan «ganye kawai». A ƙasar Indiya da kudu maso gabashin Asiya akwai itatuwa na dangin Strychnos, wato dangi ɗaya da ƙoƙiyar da yaranmu ke sha a daji. A shekarar 1818 wasu masana harhaɗa magunguna biyu a Paris, Pelletier da Caventou, suka tsamo wani sinadari daga ƙwayar irin waɗannan itatuwa, wanda ake kira sitirikinin. Aikinsa a jiki shi ne ya toshe hanyar da laka ke bi ta tsawata wa jijiyoyi su lafa. In ya yi yawa, tsokoki su ɗaure gaba ɗaya, baya ya lanƙwashe kamar baka, numfashi ya tsaya, alhali mutum yana cikin hayyacinsa. Duk da haka Turawa sun daɗe suna sayar da shi kaɗan-kaɗan a matsayin maganin ƙarin kuzari. A wasannin Olamfik na 1904 a Amurka, an ba Thomas Hicks wannan sinadari yana tsakar tseren dogon zango. Ya ci tseren, amma ɗaukar sa aka yi daga fili. Yau likitoci sun watsar da sitirikinin, ya koma gubar ɓera. Darasin da ke nan shi ne Bature ma ya taɓa ruɗuwa da itace, sai dai ya auna, ya ga asarar ta fi riba, ya bari.

Haka hodar ibilis. Daga ganyen koka na duwatsun Kudancin Amurka ta fito, an tsamo ta a Jamus a 1860, kuma a 1884 likita Karl Koller ya nuna a Biyana cewa tana kashe zafi a aikin ido. Alherin da ta yi a ɗakin tiyata bai hana ta rusa gidaje a waje ba.

Kada wani ya ɗauka ina cikin masu raina maganin kakanninmu. Mutanen da ba su taɓa cewa itace ba ya kisa ba. Maharban Hausa sun san kwankwani, da shi suke dafa dafin kibiya, kuma daga danginsa ne likita Thomas Fraser na Edinbara ya shigar da maganin ciwon zuciya cikin aikin likita a 1885. Sun san zaƙami na juya hankali, shi ya sa ba kowa ke taɓa shi ba. Goron da muke rabawa a ɗaurin aure da suna yana ɗauke da kafeyin, sinadarin da a yau ake ba jariran bakwaini a asibiti don numfashinsu ya daidaita, amma da awo na miligiram bisa nauyin jariri. Bambancin magani da guba yana ga awo, kuma awon nan shi ne abin da mai lasifika a bakin tasha ba ya faɗa.

Laifin ya fi rataya a wuyanmu mu malamai da ƴan ƙungiyoyin raya al'adu. Don gudun kada a ce mun zama ƴan koren Nasara, muna tafa wa duk wanda ya rataya jakar sauyoyi, har mu ba shi rumfa a bukukuwanmu ba tare da tambaya ɗaya ba. Wannan ba kishin al'ada ba ne, sakaci ne da rayukan ƴaƴan mutane.

Ga abin da nake kira a yi. Duk mai magani da ke son rumfa a taronmu, ya faɗi sunan itacen, da ɓangaren da ya ɗiba, da yawan da ake sha, da wanda bai kamata ya sha ba. Wanda ya ce sirri ne, ya riƙe sirrinsa a gida. Ƙungiyoyi su tattara sunayen tsirrai na Hausa daga bakin tsofaffi, su kai wa masana na Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai a gwada. Mu kuma a aji, ranar da muke koyar da sunayen itatuwa, mu haɗa da faɗa wa yara wanda ke warkarwa da wanda ke kai mutum kushewa, tun kafin mai talla ya riga mu.