Ra'ayinmu: Waya Ba Ta Ɗaukar Buhun Masara

Dattawa da dama suna kuka cewa intanet ta kashe aikin gayya a ikilisiyoyinmu. Sun ce matasa sun duƙufa a kan waya, ranar sharar majami'a ko gyaran rufin gwauruwa sai a ga mutum uku. Akwai gaskiya a kukan nan, amma laifin ba na waya kaɗai ba ne.

Mu tuna watan Satumba na 2021, sa'ad da aka rufe layukan sadarwa a duk Jihar Zamfara domin yaƙi da 'yan bindiga. An buɗe na Gusau a farkon Oktoba, amma mu na Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi muka ƙara makonni muna jira. A lokacin muka san amfanin waya: neman mai ba da jini ya zama tafiyar ƙafa, gudummawar 'yan'uwa na nesa kuma ta tsaya, domin na'urorin cire kuɗi sun daina aiki. Muka kuma san iyakarta. Wanda aka san ƙofar gidansa an je an duba shi. Wanda lambarsa kaɗai aka sani, ba mai labarinsa.

Ashe waya mai shela ce. Takan tara mutane da sauri, amma ba ta jinya, ba ta ɗaukar buhun masara zuwa wurin 'yan gudun hijira. Rubuta "Amin" a ƙarƙashin hoton majinyaci bai kai shi asibiti ba.

Saboda haka muna roƙon dattawa abu uku. Na ɗaya, duk sanarwar taimako da za a sa a WhatsApp ta zo da aiki, da rana, da sunan wanda ya ɗauki nauyi. Na biyu, kowace ikilisiya ta ajiye littafi mai sunayen tsofaffi, gwauraye da marayu da unguwanninsu, a raba wa Zumuntar Mata da matasa ziyara. Na uku, kada a baza lokacin tafiya ko hanyar da za a bi a babban zaure, kada kuma a tura labarin hari ba a tabbatar ba.

Mu kaɗan ne a ƙasar nan, idan mutum ɗaya ya janye hannu sai an ji. Maƙwabtanmu Musulmi ma wahala ɗaya muke sha, kada taimakonmu ya tsaya a ƙofar majami'a. Ubangiji ya ba mu ƙarfi.