Lafiya uwar jiki: Abin da ciki ya ɓoye, haƙori ke tonawa

A shekarar 1979 wani likitan Ingila mai suna Gerald Russell ya bayyana wata cuta da ya gani wajen ƴan mata: su ci abinci har ya wuce kima, sa'an nan su tilasta wa kansu amai don gudun ƙiba. Likitoci suna kiranta bulimiya. Mutane da yawa sun ɗauka cutar Turawa ce kawai, ta waɗanda abinci ya yi wa yawa. Amma rikicewar cin abinci tana nan a Konni da Malbaza da Illela, sai dai da wata kama, kuma haƙori ne ke fara biyan bashinta.

Kama ta farko ita ce cin ƙasa. Mace mai ciki takan ɓantari farar ƙasa, ko ƙasar shuri, ko ta bangon ɗaki, tana ci a ɓoye. Wata kuma ƙanƙara take tauna wuni guda. Ana ce masa kwaɗayin ciki, a yi dariya a wuce. Alhali sau da yawa alama ce ta ƙarancin jini, wato rashin sinadarin ƙarfe a jiki. Ƙasar tana hana jiki shan ɗan ƙarfen da ke cikin abinci, tana kuma iya shigo da tsutsar ciki. Yashin da ke cikinta yana goge kan haƙora kamar yadda dutsen niƙa ke cinyewa, ƙanƙara kuwa tana tsaga su.

Ta biyu ita ce shan maganin ƙiba, wanda ake kira sha-ka-fashe. Masu tallar magani bisa tebur suna sayar da shi a kasuwanni ba tare da takardar likita ba, galibi ga ƴan matan da aure ya gabato. Iri biyu suka fi yawa. Sipuroheptadin yana buɗe ciki, amma yana busar da baki. Yawu kuwa shi ne ke wanke haƙora, yana kashe tsamin da ke cin su. Idan baki ya bushe, ga kuma alewa da lemon kwalba dare da rana, sai kogo ya shiga haƙori. Deksametazon yana kumbura fuska a zaci ƙiba ce, yana raunana garkuwar jiki har fararen tabo su fito a harshe, yana kuma iya jawo ciwon sukari.

Ta uku ita ce yawan amai, na laulayi ne ko na ganganci. Ruwan ciki yana da tsami mai ƙarfi ƙwarai. Duk lokacin da ya biyo ta baki, yana narkar da farin ɓawon haƙori, musamman bayan haƙoran sama na gaba, inda madubi ba ya nunawa. Haƙori ya yi siriri, ya koma rawaya, ruwan randa ma ya gagari mai shi. Wannan ɓawo idan ya tafi ba ya sake tsirowa.

Akwai abin yi. Wanda ya yi amai kada ya ɗauki asuwaki ko buroshi nan take, domin a lokacin ɓawon ya yi laushi. Ya kurkure baki da ruwa, in da hali a zuba ƙaramin cokali na bikarbonat cikin kofi, ya jira kamar awa 1 kafin ya goge. Mai cin ƙasa a kai ta awon ciki a CSI mafi kusa, ko asibitin gundumar Konni, ko na Galmi da aka buɗe tun 1950, a auna jininta, a ba ta ƙwayoyin ƙarin jini. Sau da yawa kwaɗayin ƙasar yakan tafi idan jini ya dawo.

Sauran magana tana wuyan magidanta. Faɗa da gori ba sa warkar da kowa, sai dai su ƙara sa a ɓoye. Miji ya tambayi matarsa cikin lalama, uwa ta duba bakin ɗiyarta. Ɗan kasuwa kuma ya tuna cewa ƙwayar da yake miƙa wa ɗiyar wani don ribar dala kaɗan, gobe tana iya shiga gidansa ta hannun wani mai tebur.