Taswirar Tunani: Aikin Ɗalibi Ne Ko Na Na'ura?

A shekarar 1974 wani marubuci ɗan Ingila, Tony Buzan, ya yayata wata dabarar karatu a shirye-shiryen talabijin na BBC. Dabarar ita ce ɗalibi ya rubuta jigon darasi a tsakiyar takarda, sa'an nan ya fitar da rassa daga gare shi, kowane reshe da kalma ɗaya ko biyu, har takardar ta zama kamar bishiyar da aka leƙo daga sama. Wannan shi ake kira taswirar tunani.

Tun da manhajar ChatGPT ta fito a watan Nuwamba na 2022, na'urori masu ƙirƙirarriyar basira suka shiga wannan fage. A 2025 kamfanin Google ya ƙara wa manhajarsa ta NotebookLM ikon zana irin wannan taswira. Yanzu ɗalibi na iya ba na'ura babi guda, kafin ya gama fiƙe fensir ta mayar masa da shi rassa-rassa.

Babu shakka abin yana da amfani. Ɗalibin da babi mai shafi talatin ya tsorata zai ga ƙashin bayansa a shafi guda kafin ya fara karantawa. Malamin da ke da azuzuwa da yawa kuwa zai sami zanen farko da zai gyara, maimakon ya faro daga farar takarda.

To, amma akwai iyaka. Alal misali, a ɗauki darasin zazzaɓin cizon sauro. Macen sauro takan zuba ƙwayoyin cutar a jikin mutum, su wuce hanta su hayayyafa, su fito su shiga jajayen ƙwayoyin jini su farfasa su, sai zazzaɓi ya tashi. Wata macen sauron ta tsotsi jinin, ƙwayoyin su girma a cikinta, ta kai wa wani. Wato al'amarin zagaye ne. Ita kuwa taswira bishiya ce: za ta ajiye hanta a reshe ɗaya, sauro a wani, jini a wani, ba lalle ta nuna wanda ke haifar da wani ba. Mai jarrabawa kuwa wannan jerin yake tambaya. Bugu da ƙari, na'urar takan yi kuskure, kuma reshen ƙarya yakan fito tsaf kamar na gaskiya, wanda bai karanta babin ba ba zai rarrabe su ba.

Babbar illar ma tana ga shi kansa ɗalibin. A 2011 Jeffrey Karpicke da Janell Blunt na Jami'ar Purdue a Amurka suka buga sakamakon wani gwaji a mujallar Science. Wasu ɗalibai sun zana taswirar dangantakar batutuwa, 'yar'uwar taswirar tunani, rubutun yana buɗe a gabansu. Wasu kuma sun rufe shi, suka rubuta abin da suka tuna. Bayan mako guda, waɗanda suka rufe rubutun su ne suka fi ƙoƙari. Idan har mai zane da hannunsa yana kallon littafi ya zo a baya, ina ga wanda na'ura ta zana masa? Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka ya kamata ɗalibi ya fara karanta babin, ya rufe littafin, ya zana taswirarsa da ka, kafin ya nemi ta na'ura ya gwada su. Inda suka saɓa, littafi ne alƙali. Malami kuma zai iya kawo taswirar na'ura cikin aji, ya sa ɗalibai su nemo abin da ta tsallake da inda ta kauce. Ranar jarrabawa dai ba a shiga da waya, taswirar da ke cikin kai kaɗai za ta bi ɗalibi zuwa kujerarsa.